Firijin Gidan Alhaji Yari

Bushira ce ta fara ganinsa. Ta shiga ɗakin mahaifinta da hantsi don ta kwashe kwanukan sahur, sai ta tarar da Alhaji Yari kife a gefen tabarma, numfashi na fita da ƙarfi kamar zugazugin maƙeri, bai san wanda ke kansa ba. Kafin a samo motar da za ta kai shi Jega, rai ya yi halinsa. Azumi ya kusa raba tsakiya a lokacin, ga zafin bazarar da ko ƙadangare ba ya son fitowa.

Da mutuwa ce kawai, da an yi jana'iza kowa ya koma rumfar albasarsa. Dattijo ne, kuma duk unguwarmu ta Aliero an san ya daɗe yana fama da ciwon suga. To amma masu wanka sun fito suna ƙus-ƙus, wai bakin mamacin na tashin wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na ruɓaɓɓen mangwaro. Sannan aka zaƙulo ƙwaryar fura sha-rabi a ƙarƙashin gado, Bushira kuma ta rantse ba daga hannunta ta fito ba. Shi ke nan. Kafin a dawo daga maƙabarta, maganar guba ta riga mutane isa gida.

Mai unguwa ya aika aka kira Sirajo mai bin sawu. Sirajo mutum ne siriri, mai furfura a gemu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin shanu tsakanin Dangamaji da dajin Maiyama. Ba ya duban fuskar mutum in yana magana, ƙasa yake duba. Ya zaga gidan sau ɗaya, ya tsaya a bayan ɗakin marigayi inda tsohon ke tsugunawa in fitsari ya matse shi, ya ga kiyashi sun yi hanya baƙi wuluk daga nan har gindin katanga. Ya ɗan dube su, ya wuce. A ƙofar baya ce ya durƙusa. Sawun mace ne, da takalmin roba mai cinyayyen dunduniya, mai tafiyar wadda ta saba da kaya a ka. Ta shigo da nauyi, ta fita da sauƙi, ta nufi inda 'yan kabu-kabu ke ɗaukar mutanen Maiyama.

"Wanga sawu na Iyatu ne, mai nonon Kuberi," in ji shi.

Da ƙarfi ya faɗa, a gaban jama'a, a gaban Waliyyu ɗan ƙanen marigayi, wanda dama zuciyarsa a kusa take. Baki shi ke yanka wuya. Nan take wani ya tuna cewa bara shanun su Iyatu sun tattake wa Alhaji irin albasa, ya sa aka kama su, ita kuma ta ja masa Allah-ya-isa a tsakiyar kasuwa. Mu mutanen unguwar nan, Allah ya shirye mu, abin alheri mukan manta shi kafin sati, amma irin wannan ko shekara goma ba ya ɓace mana.

*

Masu neman Iyatu ba su ma kai ƙauyen Kuberi ba. A hanya samari suka ci karo da ita tana tafe da ƙoren nono, suka farfasa su, suka karya mata hannu. Da ba don mai unguwa ya bi su a mashin ba, da gawa za a kawo. Ya kulle ta a ɗakin ajiyar hatsi na gidansa, ya zauna a bakin zaure da kansa. Fita da ita zuwa hannun hukuma bai yiwu ba, don samarin sun yi dafifi a ƙofa. Waliyyu ya ce sun ba da wa'adi zuwa shan ruwan gobe. In ba a fito da wani mai laifin ba, za su ɓalle ƙofar, in sun gama da ita su wuce rugarsu.

Sirajo ya shiga wurinta da azahar. Tana zaune a kan buhun gero, ta tallafe hannun da ɗankwali, leɓenta ya bushe don har a lokacin ba ta karya azuminta ba. Ba ta yi musun furar ba. Ta ce Alhaji da kansa ya aiko mata tun farkon azumi, wai ƙishirwa na neman kashe shi ko ya sha ruwan randa guda, 'yarsa kuma ta hana shi fura. Shi ya ce ta riƙa biyowa ta baya, kuma ko ƙwayar suga ba ta taɓa sa masa ba. Batun Allah-ya-isa kuwa, ta ce ta ja, ba ta ɓoye ba, amma sun shirya tun kafin kaka, har buhun albasa ya aika mata.

"Ku ba ni sauran hurar in shanye gabanku," ta ce.

Ba sauran fura. Waliyyu ya riga ya watsar da ita a tsakar gida cikin fushi. Da Sirajo ya koma ya duba wurin, sawun kaji ne rututu, sun tsattsage ta tas, ga su can kuma suna tonon shara lafiya lau. Ya nuna wa samari. Suka ce ai sammu ba ya cin kaza, wanda aka kira sunansa kaɗai yake ci. Nan Sirajo ya gane ya kunna wutar da ta fi ƙarfin bakinsa, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

*

Ya nemi ganin Bushira. Bazawara ce mai natsuwa, wadda ta ƙi manema uku don kada ta bar tsohon ba mai duba shi. Ta fito soron ciki idanu a kumbure. Ta ce tun shigowar azumi Baba yake ramewa, ga yawan fitsari, ga kasala, ta roƙe shi ya ajiye azumin ya ƙi. Amma allurarsa ta suga, wannan kam ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, da asuba da kuma gab da shan ruwa.

"Har riƙe kwalbar nikan yi ga tafin hannu, in yi ta murzawa, don kada sanyi shi cuce shi," ta ce, sai hawaye.

Daga inda yake tsaye yana hango firijin a rumfar tsakar gida, dogo, mai ƙofa biyu, ƙarama a sama babba a ƙasa. Yayanta Shamsuddeen da ke aiki a Abuja ya aiko da shi bara, da faifan sola da batir, saboda maganin tsohon. Ba irin namu ba ne. Wannan yana haɗe da intanet, yana magana da wayar mai shi duk inda yake, har ido gare shi a ciki. Da aka kawo shi sai da unguwa ta yi sati tana zuwa kallo. Da azumi ya kama kuwa, ya zama na kowa. Daga azahar mata ke aiko da gorunan ruwa, da zoɓo, da kunun aya, kowace da zaren da ta ɗaura wa nata. Wa zai hana maƙwabci ruwan sanyi a watan azumi? Ko a ranar rasuwar, sai da aka aiko.

Sirajo ya tambaya ko wani cikin masu shigowa zai iya taɓa maganin. Bushira ta girgiza kai, ta ce ta yi masa wuri nasa shi kaɗai, inda hannun kowa ba ya zuwa. Ya tambayi inda ake saye. Ta ce a Jega, wurin Sagir mai kemis. Sirajo ya ce a ransa, to ko dai jabu aka sayar wa tsohon?

*

Ya hau mashin ya tafi Jega a cikin wannan rana mai narka kwalta. Sagir, gajere mai tabarau, da ya ji abin da ake zarginsa da shi sai ya yi tsalle kamar an taka masa wuta. Ya buɗe nasa firijin, ya nuna kwalin da ya ɗebar wa Alhaji, ya lissafa mutanen da ke shan allura daga wannan kwalin, duk suna nan suna yawo a kasuwa. Da ya huce, ya tambayi yadda tsohon ya cika. Sirajo ya faɗa masa numfashin, da warin, da ƙishirwar. Sai ya tuna da kiyashin, ya ce hanyarsu ba ta kwana ɗaya ba ce, ta yi zurfi a ƙasa kamar turbar awaki.

Sagir ya cire tabarau. Ya ce ba guba ba ce, suga ne ya yi ta hawa kwana da kwanaki har yana zuba a fitsari, shi kiyashin ke bi. Warin nan ma na suga ne. Ko dai ba a yi wa tsohon allura, ko kuma abin da ake tsira masa ya riga ya mutu.

"Abu biyu ka kashe maganin ga," in ji shi. "Zafi, da ƙanƙara. In ya daskare sau guda, ko ya narke ya koma garau, ruwa ne kawai kake sa ma mutum."

Zafin kawai Sirajo ya ji. A Jega, a bazara, wa ke tunanin sanyi zai yi kisa? Ya kamo hanyar gida yana saƙa cewa wani ne ya riƙa kashe firijin, ko don cajin waya, ko don mugunta. Ya roƙi Sagir ya zo Aliero gobe da la'asar ya maimaita maganarsa a gaban mutane.

*

Da safe Shamsuddeen ya iso, bai sami jana'iza ba. Sirajo ya ja shi gindin dalbejiya nesa da masu zaman makoki, ya tambaye shi ko na'urar nan tasa za ta iya faɗin ranar da aka kashe ta. Shamsuddeen ya buɗe waya ya nuna masa wani layi miƙaƙƙe, ya ce sanyin bai taɓa sauka ba tun ranar da aka kunna. Wannan zargin ma ya rushe.

Sirajo ya ce to idon da ke ciki fa? Nan Shamsuddeen ya sunkuyar da kai. Ya ce hoton baƙi ne tun farkon azumi. Da ya ga goruna sun cika firijin, ya dinga bugo wa ƙanwarsa waya yana faɗa, wai ba don unguwa ya saya ba. Ita kuma ta gaji, ta rasa yadda za ta yi da shi ta rasa yadda za ta yi da maƙwabta, ta manna wa idon filasta. Shi ma ya yi zuciya ya kashe ƙarar da wayar ke yi in an buɗe ƙofa, don tana damunsa a ofis. Tun daga ranar bai ƙara leƙawa ba.

Yana magana yana jan fuskar wayar da yatsa, sai Sirajo ya riƙe masa hannu. Bai iya karatun boko ba, amma ya ga wasu ɗige-ɗige jere a layi biyu, ya tambayi ko mene ne. Shamsuddeen ya ce duk ɗigo buɗe ƙofa ne, layin ƙasa na babbar ƙofa, na sama na gidan ƙanƙara.

Sirajo ya ƙura ido kamar yadda yake yi a bakin mashaya. Layin ƙasa ya yi kaca-kaca, sawun garke ne, daga azahar zuwa magariba. Na sama kuwa sawun mutum ɗaya ne mai hanya ɗaya. Ɗigo da asuba, ɗigo gab da shan ruwa, kullum, ba fashi. Ya ce a ja baya. Sawun ya faro ne daga farkon azumi. Ya ce a dawo gaba. Garken ƙasa na nan har jiya, amma na sama ya tsaya cak a asubar da Alhaji ya kwanta bai tashi ba.

Sai maganar Bushira ta faɗo masa, ta murza kwalba a tafin hannu, da wurin da hannun kowa ba ya zuwa. Sai ta Sagir, rabin da bai saurara ba. Ya faɗa wa Shamsuddeen a hankali. Mutumin ya zame ya zauna a ƙasa da shaddarsa.

Roƙo ya shiga yi. Ya ce a bar shi a kan kwana ne ya ƙare, a ce ciwo ne, kada a ambaci ƙanwarsa, wallahi in ta ji ba za ta ƙara zama mutum ba. Sirajo ya tausaya masa har cikin ransa. Amma ya waiga ya dubi ƙofar mai unguwa, inda samari ke zaune da gorori a kan cinya.

"Waɗancan ba su tashi da 'kwana ya ƙare'," ya ce. "Ni nas sa matar can cikin ɗakin nan da bakina. Sai sun gani da idonsu."

*

Bayan la'asar aka taru a tsakar gidan marigayi. Mai unguwa ya zo da Iyatu a bayansa, dattawa biyu na kare ta. Waliyyu da mutanensa suka tsaya a bakin soro. Sagir na gefe yana share gumi, mata sun leƙo ta bayan zana. Kowa na duban kowa, don an ce yau za a nuna wanda ya kashe Alhaji, kuma ba wanda bai taɓa sa gora a firijin nan ba.

Sirajo ya fara da furar, ya ce kaji sun ci suna raye. Aka yi guna-guni. Ya sa Sagir ya bayyana warin da kiyashin, ya kai mutane bayan ɗaki suka ga hanyar da idonsu. Waliyyu ya ce to in suga ne, ai sai a kama mai kemis, ya sayar da jabu. Sagir ya buɗe baki zai yi rantsuwa, Sirajo ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa Shamsuddeen ya mayar da ƙarar wayarsa. Sannan ya juya, kuma a karon farko tun da na san shi ya dubi fuskar mutum.

"Bushira, ɗauko muna maganin Baba."

Ta tashi ba tare da tunanin komai ba. Ta wuce babbar ƙofa, ta yi ɗage, ta buɗe ta sama. Wayar ta yi ƙara a hannun yayanta. Ba komai a ciki sai ɗan kwano mai murfi, an shimfiɗa masa tsumma mai tsabta. Ta ɗauko kwalbar, tana tahowa tana murza ta tsakanin tafukanta, don hannun ya riga ya saba. Ta miƙa wa Sagir. Ya ɗaga ta sama, ya juya ta, abin da ke ciki bai motsa ba.

Ba wanda ya tambaye ta, ita ta fara bayani, tana 'yar murmushin mai jiran a yaba mata. Ta ce da gorunan mutane suka yi yawa, ana buɗe ƙasan kowane lokaci sanyi na fita, ga masu ture kwalbar, sai ta kwashe komai daga sama, ko ƙanƙara ta daina yi wa kowa, ta bar wa maganin Baba wurin da ya fi sanyi. Sai ta lura ba mai duban ta. Ta dubi Sagir, ta dubi yayanta da ke kuka kamar ƙaramin yaro.

"Mi nay yi?" ta ce.

Sagir ne ya faɗa mata, da murya ƙasa-ƙasa, yana haɗawa da cewa laifinsa ne da bai taɓa gargaɗinta ba. Shamsuddeen ya ce nasa ne, da bai yi ta faɗa har aka rufe idon ba, da ya ga kwalbar ta bar mazauninta tun ranar farko. Liman ya ce ba wanda ke wuce kwanansa. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ta buɗe tafukan hannunta, jiƙe da raɓar kwalbar, ta yi ta kallonsu. Wallahi na ga mutuwa iri-iri a unguwar nan, ban taɓa jin tausayin da na ji a wannan yammacin ba.

Samari suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɓoye gorarsa a bayan riga. Waliyyu ne farkon fita. A cikinmu duka, mu da muka yi ta rantsuwa a kan guba, ba a samu mutum ɗaya da ya ce wa Iyatu ta yi haƙuri ba. Abin kunya, a garin da ake zuwa daga ko'ina don ɗorin karaya, matar ta kwana da karyayyen hannu ba wanda ya duba ta.

Sirajo ne ya tare ta a soro, ya ce ta zo ya kai ta wurin mai ɗori. Ta ce za ta je da ƙafarta.

"Sawuna kag gani, ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Amma da ka tambaye ni kahin ka hwaɗi."

Sirajo ya matsa ya ba ta hanya. Ya bi ta da ido har ta sha kwana, ga sawun nan na cinyayyen dunduniya a kan rairayi, yanzu ya karkata gefe guda saboda hannun.

Ranar ba matar da ta aiko karɓar goranta. Gidan ya yi tsit, rana ta yi ja, ladan ya fara gyaran murya. Shamsuddeen na zaune a ƙofar gida tare da dattawa, an ajiye dabino a gabansu ana jiran kira. A can ciki Bushira ta miƙe daga inda mata suka kwantar da ita, ta nufi rumfa, don lokacin allurar Baba ya yi.

Sai wayar ta yi ƙara a aljihun Shamsuddeen.